Amishawa da Mutumin da Ya Harbe 'Ya'yansu: Tambayoyi da Amsoshi

Harbi a makaranta ba baƙon labari ba ne a Amurka. Tsakanin 27 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2006 kaɗai sau uku aka yi shi: a Kolorado, a Wiskonsin, sannan a Pensilbaniya. Na ukun ne har yau ake tada zancensa, saboda abin da iyayen yaran suka yi tun kafin a binne 'ya'yansu. Ga tambayoyin da mai jin labarin a karon farko yakan yi.

Me ya faru a Nickel Mines?

Nickel Mines wani ɗan ƙauyen manoma ne a gundumar Lankasta, jihar Pensilbaniya. A gefen hanya, tsakiyar gonaki, akwai wata makarantar Amishawa mai ɗaki ɗaya tal, malama ɗaya, yara 26 daga 'yan shekara 6 zuwa 13. Ranar Litinin 2 ga Oktoba 2006 da hantsi, wani mutum mai suna Charles Roberts, ɗan shekara 32, ya zo da motar a-kori-kura ya faka ta a bakin ƙofa. Ba Ba'amishe ba ne, amma kuma ba baƙo ba ne. Direban tankar madara ne da ke bin gonakin yankin da dare yana kwasar madara, har da gonakin iyayen wasu daga cikin yaran. Yana da mata da 'ya'ya uku, gidansa kuma ba nisa.

Ya shigo da bindigogi, da harsasai ɗaruruwa, da katako da ƙusoshi. Ya sallami yara maza 15 da manyan matan da suka kawo ziyara, cikinsu har da mai juna biyu. Malamar ta samu ta sulale, ta ruga a guje zuwa wata gona mai tarho, domin makarantar ba ta da shi. Wata yarinya 'yar shekara 9 ita ma ta tsere. Saura 'yan mata goma. Ya kafe ƙofofi da katako, ya ɗaure musu ƙafafu, ya jera su a gaban allo.

'Yan sandan jiha sun iso cikin 'yan mintuna, suka kewaye wurin suna ƙoƙarin yi masa magana. Bayan ƙarfe 11 kaɗan ya buɗe wuta, da suka fasa tagogi za su shiga kuma ya harbe kansa. Uku daga cikin yaran sun cika a ranar, biyu 'yan gida ɗaya suka bi su cikin daren a asibiti. Biyar sun rayu da munanan raunuka. Waɗanda suka tsira sun ce babbar cikinsu, 'yar shekara 13, ta ce masa ya fara da ita, da fatan ko zai ƙyale ƙananan, ƙanwarta 'yar shekara 11 kuma ta ce sai ita ta biyu. Yayar ta mutu, ƙanwar ta rayu.

Su wane ne Amishawa?

Kiristoci ne, reshen waɗanda suka ɓalle a birnin Zurik na Suwizalan a 1525 a kan cewa ba a yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, sai mutum ya mallaki hankalinsa ya zaɓa da kansa. Sunansu ya samo asali daga Jakob Ammann, wani dattijonsu da ya raba gari da sauran a 1693 don yana ganin an fara sassauci. Tsanantawa ta kore su daga Turai, suka fara sauka Pensilbaniya a shekarun 1730. Yau sun haura 400,000, kuma adadinsu kan ninka duk bayan shekara ashirin ko makamancin haka, don masu haihuwa ne ƙwarai.

Abin da aka fi saninsu da shi shi ne keken doki maimakon mota, gida babu wutar gwamnati, maza da gemu ba gashin baki, mata da doguwar riga da ɗan farin abin rufe kai. A tsakaninsu wani karin harshen Jamusanci suke yi. Mafi yawansu ba su gina majami'a. Iyalai 20 zuwa 40 ne ke haɗuwa su yi sujada a gidan ɗaya daga cikinsu duk bayan mako biyu. Ba su shiga soja, ba su rantsuwa, ba su kai ƙara kotu. Yaransu kan tsaya karatu a aji takwas, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta amince musu da hakan a 1972. Idan rumbun wani ya ƙone, gayya ake yi a tayar masa da wani cikin kwanaki.

Da ake cewa sun yafe, me suka yi takamaimai?

Ba su kira 'yan jarida ba, ba su fitar da sanarwa ba. Tafiya gaisuwa suka yi.

A yammacin ranar, wasu dattijansu suka je wurin matar Roberts da iyayenta suka ce musu ba su riƙe su da komai ba. Wani maƙwabci Ba'amishe kuma ya nufi gidan iyayen maharbin. Mahaifiyarsa ta sha ba da labarin abin da ya tarar: uban, tsohon ɗan sanda, yana zaune ya kife kai, ya kasa ɗagowa, yana ta goge hawaye da tsumma. Uwar kuwa tana tunanin yadda za su tattara nasu-ya-nasu su bar garin, don da wane ido za su ƙara kallon mutane? Maƙwabcin ya dafa kafaɗar tsohon, ya daɗe yana shafa ta, ya ce masa suna ƙaunarsu, kuma kada su tashi.

An ji kakan ɗaya daga cikin yaran, a gaban gawarta, yana gargaɗin ƙananan jikokinsa da kada su ƙulla wa mutumin nan mugunta a zuci. An gayyaci matar Roberts jana'izar ɗaya daga cikin yaran. Ranar Alhamis da Juma'a aka binne su, cikin fararen riguna da akwatunan katako marasa ado, a kaburburan da aka haƙa da hannu, jerin gwanon kekunan doki kuma ya bi ta gaban gidan mutumin da ya kashe su. Ranar Asabar 7 ga wata aka binne shi kansa Roberts a maƙabartar wata majami'a da ke kusa. Kusan rabin waɗanda suka halarta Amishawa ne, cikinsu akwai iyayen da suka binne 'ya'yansu shekaranjiya. Suka jeru, suka yi wa matarsa da 'ya'yansa da iyayensa ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya san darajar zuwa gaisuwar mutuwa a wurinmu zai fi kowa gane nauyin wannan. Baki yana iya cewa "na yafe" zuciya na wani wuri. Ɗaura wa doki linzami ka tafi jana'izar wanda ya harbe 'yarka, wannan sai dai ƙafa ta kai ka.

Me ya kai shi ga wannan aika-aika, kuma ya nemi gafara?

Ya bar wa iyalinsa wasiƙu, ya kuma kira matarsa daga cikin ajin. Ya ce yana fushi da Allah tun 1997, lokacin da 'yarsu ta fari ta zo bakwaini ta rayu minti 20 kacal. Ya kuma ce ya taɓa lalata da wasu ƙananan yara biyu na danginsa shekara 20 da suka wuce, amma da 'yan sanda suka tuntuɓi waɗanda yake nufi sun ce ba a yi haka ba. Kayan da ya shigo da su sun sa masu bincike suka yi zargin ya yi niyyar lalata da yaran ne, zuwan 'yan sanda da wuri ya ɓata masa shiri. Babu wata gaba da aka sani tsakaninsa da Amishawa. Makarantar dai tana kusa, ba ta da mai gadi.

Bai tsaya gaban iyayen ya ce su yafe masa ba, bai ma rayu ba balle. Su kuma ba su jira tubarsa ba.

To a ina suka samo wannan hali?

Da manazarta irin su Donald Kraybill, wanda ya yi shekaru yana bincike a kansu, suka tambaye su, amsar da suka fi ji ita ce Addu'ar Ubangiji da ke Matiyu sura 6 a cikin Linjila, inda mai addu'a ke roƙon Allah ya gafarta masa kamar yadda shi ma yake gafarta wa waɗanda suka yi masa laifi. Ayoyin da ke biye sun ƙara da cewa wanda bai yafe wa mutane ba, shi ma ba za a yafe masa ba. Amishawa sun ɗauki wannan a zahirinsa. Yaro yana haddace addu'ar tun kafin ya shiga makaranta, ana yin ta safe da dare, a wurin sujada da wurin biki da wurin jana'iza. Su ba su saba ƙago addu'a da bakinsu ba, rubutacciya suke karantawa, saboda haka wannan jumla tana ratsa kunnen mutum sau dubbai kafin ya yi gemu. A ganinsu riƙe mutum a zuci kasada ce da lahirar mai riƙon.

Sai kuma abin da ke faruwa sau biyu a shekara, da bazara da kaka, kafin cin Jibin Ubangiji, wato ibadar raba gurasa da ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu. Ana yin wani zama na musamman, a yi wa'azi da Matiyu sura 18, inda Bitrus almajirin Yesu ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa aka ce masa bakwai har sau saba'in, da misalin bawan da sarki ya yafe masa bashin talanti dubu goma, wato dukiya mai tarin yawa, ya fita ya shaƙe wuyan abokinsa a kan dinari ɗari. Daga nan kowa zai faɗa da bakinsa ko yana zaman lafiya da Allah da sauran 'yan'uwa. In akwai masu 'yar tsama da ba su shirya ba, ana iya ɗage jibin gaba ɗaya har sai sun daidaita. Bayan jibin kuma su wanke wa juna ƙafa. Mutumin da tun yana saurayi ake sa shi ya je ya shirya da maƙwabcinsa a kan saniya da ta ci masara ko iyakar gona, ya riga ya yi atisaye a ƙananan abubuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku shi ne tarihin da suke ba 'ya'yansu. A gidajensu da yawa akwai wani ƙaton littafi mai shafi fiye da dubu, Madubin Shahidai, da aka fara bugawa a Holan a 1660, cike da labaran kakanninsu da aka ƙona ko aka nutsar a ruwa saboda aƙida. Wanda kowane yaro ya sani shi ne na Dirk Willems. A 1569 ya tsere daga kurkuku, ya tsallake wani tafki da ƙanƙara ta rufe. Mai bin sa ya fi shi nauyi, ƙanƙarar ta fashe da shi, ya fara ihun neman ceto. Willems ya juyo ya jawo shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi da ransa kusa da garinsu Asperen. A can Amurka ma suna da labarin Jacob Hochstetler, wanda a 1757 aka kawo wa gidansa hari da dare, 'ya'yansa suka ɗauki bindigogin farauta ya hana su harbi; aka kashe matarsa da 'ya'yansa biyu. Ko mutum ya yarda da abin da Hochstetler ya yi ko bai yarda ba (ni dai labarin yana tsaya mini a wuya), waɗannan su ne jarumawan da yaron Amish yake tashi da su, ba masu ramuwa ba.

Suna da wata kalma ta Jamusanci, Gelassenheit, wadda ma'anarta ta yi kusa da sallamawa ko miƙa wuya: ka sauke girman kanka, ka bar wa Allah hukunci, ka bi jama'a. Shi ya sa ba wani bishop, wato shugaban ikkilisiyarsu, da ya ba da umarnin a je gidan Roberts. Kowa ya riga ya san abin da ake yi.

Ba su ji zafi ba ne, ko dai zuciyar dutse gare su?

Sun ji, kuma sun faɗa. Wasu iyayen sun ga likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara. Yara mazan da aka sallama sun daɗe suna fama da mafarkai da zargin kai, suna ganin kamar sun gudu sun bar 'yan'uwansu mata. A ranar ma an sha wahala kafin a gane wace yarinya aka kai wane asibiti, domin jirage masu saukar ungulu sun rarraba su wurare daban-daban, duk shigarsu iri ɗaya, ba mai ɗauke da wata shaida. Iyaye suka yi sa'o'i ba su san ko tasu na raye ba.

Bambancin yana wajen jerin abubuwa. Yawancin mutane sai zuciya ta huce sannan su yafe, in ma za su yafe. Amishawa sukan yanke shawarar yafewa tun farko, su nuna ta a aikace, sannan su yi ta jan zuciyar har ta iso. Wasu iyayen sun ce aiki ne na kullum, ka kwanta ka yafe, ka farka ka tarar da fushin ya dawo, ka sake farawa. Har yau ma ba su cika kiran abin da sunan kisa ko hari ba, sai su ce "abin da ya faru".

Da Roberts ya rayu, za su ce a sake shi?

A'a. Waɗanda aka tambaya sun ce da ya rayu ya kamata a tsare shi, don kada ya ƙara taɓa 'ya'yan wasu, su kuma da sun riƙa kai masa ziyara gidan yari. Suna raba abu uku da mu mukan cakuɗa a magana. Akwai yafiya, wato wanda aka zalunta ya cire ƙulli da niyyar ramuwa daga ransa. Akwai afuwa, wato ɗage hukunci, wannan kuma na hukuma ne, don sun yarda da abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa a Romawa sura 13 cewa an ba mai mulki takobi. Akwai sulhu, wato zumunci ya dawo, shi kuma sai ɓangarori biyu sun so. Na farkon ne kawai suka ba Roberts. Na ukun da iyalinsa suka yi shi. 'Yan sandan da suka fasa ajin suka ɗauko yaran a hannu kuwa, Amishawa sun yi musu godiya ƙwarai, duk da su kansu ba za su ɗauki aikin ɗan sanda ba.

Kowa ya yaba musu?

Mafi yawa sun yaba, amma ba kowa ba. Wani marubuci a jaridar Boston Globe, Jeff Jacoby, ya yi tambaya mai nauyi a makon: shin muna son zama cikin al'ummar da ba ta fushi idan an yanka yara? Wasu suka ce wanda aka kashe ne kaɗai ke da ikon yafe kisansa, ba uwa ba, ba kaka ba. Wasu kuma suka ce abin ya zo da sauƙi ne don mai laifin ya mutu: ba zaman kotu, ba kallon fuskarsa, ba fargabar a sake shi.

Wannan na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya, wasu Amishawan ma sun amsa haka. Na farkon kuwa ina ganin ya haɗa fushi da kulawa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Mutanen da suka rushe makarantar don kada 'ya'yansu su riƙa ganinta, ba za a ce abin bai dame su ba.

Yaya suke yafe wa mai kisa amma su ƙaurace wa ɗansu don ya sayi mota?

Nan ne mutane da yawa suke cewa akwai baki biyu. Wanda ya karɓi baftisma a cikinsu, galibi yana da shekara 18 zuwa 22, ya durƙusa ya yi alkawarin bin dokokin jama'a har mutuwa. In ya karya ya kuma ƙi tuba, sai a fitar da shi. Ba a cin abinci da shi a teburi ɗaya, ba a karɓar abu kai tsaye daga hannunsa, ba a ciniki da shi, ko da uwa ce da ɗanta. Wanda bai taɓa yin baftisma ba ya tafi abinsa, wannan hukuncin bai hau kansa ba.

Amsarsu ita ce ba ƙiyayya ba ce, horo ne, kuma ƙofa a buɗe take ranar da ya dawo. Roberts bai yi musu alkawarin komai ba, saboda haka ba su da hurumin horonsa. A kan takarda maganar ta zauna. Amma waɗanda suka fita suna cewa a zaunar da kai a ɗan teburi na gefe ranar bikin ƙanwarka, ko da wane suna aka kira shi, ciwonsa ɗaya ne.

Idan mai cutar da yaran ɗan gida ne fa?

Wannan ita ce tambayar da masu yabon Amishawa ba su son a yi, kuma dole a yi ta. A shekarun baya-bayan nan 'yan jarida da kotunan Amurka sun tono shari'o'i da dama na lalata da yara a cikin Amishawa, inda mai laifin uba ne, ko wa, ko kawu, ko maƙwabci. Yadda abin ya saba tafiya shi ne mutumin ya durƙusa gaban ikkilisiya ya amsa laifinsa, a dakatar da shi na kamar mako shida, a karɓe shi, sannan a ce magana ta mutu, ba mai ƙara tada ta. Yarinyar kuma a ce mata ta yafe. In ta kasa, ko ta ci gaba da magana, ko ta je wurin 'yan sanda, sai laifin ya juyo kanta, ita ce mai taurin zuciya. Ga shi makarantunsu ba su koyar da komai game da jiki, yarinya ba ta ma da kalmar da za ta faɗi abin da aka yi mata. An ga lokutan da jama'a suka cika kotu suna bayan wanda ake tuhuma, wadda aka cuta tana zaune ita kaɗai. A Pensilbaniya an gurfanar da wasu bishop-bishop ɗinsu saboda ƙin kai rahoto. Wasu yankunan, har da Lankasta, sun kafa kwamitocin da ke aiki da hukuma a kan irin wannan, abin yana ɗan sauyawa, ko da yake a hankali.

Aƙidar ɗaya ce, ayoyin ma su ne dai. Abin da ya bambanta shi ne wa ke yafewa, wa kuma ke cin ribarta. A Nickel Mines manya ne da aka zalunta suka ba da ita don ransu, mai laifin ba ya da sauran ikon cutar da kowa, hukuma kuma ta yi aikinta. A ɗaya ɓangaren manya ne ke matsa wa yarinya ta ba da ita don a rufe magana, mai laifin kuma yana kwana gida ɗaya da ita. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun san "a rufa asiri", mun san "a bar wa Allah", mun kuma san bakin wa ake rufewa da su.

Ya abin yake idan aka auna shi da koyarwar Musulunci?

Akwai kama, akwai bambanci. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 178 ya ba dangin wanda aka kashe haƙƙin ƙisasi, ya kuma buɗe musu ƙofar rangwame da diyya. Suratush Shura aya ta 40 ta ce wanda ya yafe ya kuma gyara, ladansa na ga Allah. Wadda ta fi kusa da tunanin Amishawa ita ce aya ta 22 a Suratun Nur, da ta sauka lokacin da Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon ɗan'uwansa da ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa 'yarsa Nana A'isha ba: aka ce su yafe su kau da kai, ashe ba su son Allah ya gafarta musu?

Bambancin shi ne a Musulunci yafe jini falala ce, wanda ya nemi haƙƙinsa bai yi laifi ba, yafiyar dangi kuma tana iya ɗage kisa. A wurin Amishawa yafiya wajibi ce, amma ba ta taɓa hukuncin kotu ko kaɗan.

Suna da dangi a ƙasashenmu?

Babu Amishawa a Najeriya ko Nijar, amma akwai 'yan'uwansu na nesa. Wata ikkilisiya da ta tashi a Jamus a 1708, mai irin aƙidarsu ta baftismar manya da ƙin ɗaukar makami, ta turo 'yan mishan Garkida a 1923, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta fito, wadda aka fi sani da EYN. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a daren 14 ga Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi. Jarrabawarsu ta fi ta Nickel Mines tsawo: iyaye da yawa ba su samu 'yar ba, ba su samu gawar da za su binne ba, masu laifin kuma suna nan da ransu a daji.

Ina kuɗin taimakon da aka tara suka tafi?

Amishawa ba su yin inshora irin ta kamfani, junansu suke tallafawa, kuma ba su roƙi kowa ba. Duk da haka gudummawa ta yi ta shigowa daga ko'ina har ta haura dala miliyan 4. Aka kafa kwamiti, yawancinsa Amishawa, ya biya kuɗin jinya da kula da waɗanda suka naƙasa, ya ba ma'aikatan agajin gaggawa na yankin wani abu. Ya kuma ware wani kaso ga matar Roberts da 'ya'yanta uku, tunda su ma sun rasa mai ciyar da su.

Me ya faru da makarantar da waɗanda suka tsira?

Kwana goma bayan harin, ranar 12 ga Oktoba tun kafin gari ya waye, aka kawo katafila aka rushe ginin, aka kwashe ɓaraguzan, aka mayar da wurin makiyaya. Ba su so ya zama wurin da 'yan yawon buɗe ido za su riƙa tsayawa ɗaukar hoto. Yaran suka ci gaba da karatu a wani gareji, har aka gina sabuwa a kusa, mai suna New Hope, wato sabon fata, aka buɗe ta ranar 2 ga Afrilun 2007. Mako biyu bayan haka aka kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech, daga baya kuma wasu Amishawan Nickel Mines suka yi tattaki har can suka kai musu wani bargon ɗinkin hannu da su ma aka aiko musu lokacin nasu makokin.

Huɗu daga cikin 'yan matan da suka ji rauni sun koma aji. Ta biyar ita ce ƙaramarsu, 'yar shekara 6, wadda harsashi ya same ta a ka. Likitoci sun cire rai, aka mayar da ita gida don ta cika a hannun iyayenta, sai ba ta cika ba. Ta rayu ba magana, ba tafiya, ana ba ta abinci ta roba. Bayan wasu watanni mahaifiyar Roberts ta nemi izini ta riƙa zuwa taya su jinya, iyayen suka amince. Shekara da shekaru duk ranar Alhamis da yamma tana zuwa, ta yi wa yarinyar wanka, ta taje mata kai, ta karanta mata littafi, ta rera mata waƙa, uwar ta samu ta huta. Tsohuwar ta rasu a 2017 bayan fama da ciwon daji. Yarinyar kuma ta rasu a gidan iyayenta a watan Satumban 2024, tana da shekara 23.